Hutun 1 ga Mayu da ƙananan yara a gida, ya kuke yi ne dan Allah?

Maman Hanif: Assalamu alaikum iyayen gida barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema kafin jibi. Kun san Alhamis ɗin nan 1 ga Mayu ce ranar ma'aikata babu aiki, makarantar su Hanif ma sun turo saƙo ba zuwa, islamiyya kuwa dama Alhamis da Juma'a ba a yi, kenan wuni zubur ina tare da su ukun, Hanif shekara 4 da rabi, Ikram 2, sai ta bayana wata 4. To Abbansu ƙungiyarsu ta raba musu riga da hular fareti shine ya dage wai sai ya tafi da Hanif filin taro ya ga yadda ake yi, har yana cewa mu shirya mu tafi duka tunda ba mu taɓa fita tare ba tun da na haihu, ni kuma wlh zafin nan nake tsoro. Ga yarinyar da ke taya ni aiki ita ma ta ce tunda hutu ne a bar ta ta je ta gano mamanta ta dawo Juma'a. Kaina ya kulle, sati 3 kenan da komawata ofis kuma na ci burin ranar nan zan rama baccin da nake bi bashi.

Ummu Sudais: Wa alaikumussalam. Hhhhh bacci? Da 'yan uku? Maman Hanif wannan shi ake kira hutun jaki da kaya a ka

Maman Twins: Ni ai ranar hutu ta fi min ranar aiki wahala, a ofis ko ba komai ina shan shayina da zafinsa. A gida kafin in kai kofi baki an kira Mama sau goma

Anty Nas: Maman Hanif barka da dare, ya mai jiki na ce ya 'yar jaririya. Ni dai magana ɗaya zan fara yi, kar ki kai 'yar wata 4 filin fareti a watan nan, ko da kanofi ko babu. Garinmu yanzu zafi yana kai 40 har ya wuce, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, shi kuma ba zai ce miki yana jin ƙishi ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shine yadda muke goya yaro mu sa zani mu ƙara majanyi mu rufa hijabi a kai, wani lokacin har da tawul wai kar rana ta taɓa shi, alhali tanda muka haɗa masa. Ga lasifika, irin manyan nan da ake jerawa a filin taro ba na kunnen jariri ba ne. Ikram ma ni ban goyi baya ba. Hanif in dai da sassafe ne a dawo kafin rana ta take, da hula da gorar ruwansa, wannan da sauƙi.

Inna Hajja: Yaran nan sannunku da hira. Ke uwar Hanif ki zauna a ɗakinki da jinjirarki, me za ki je nema a rana. Ki dinga ɗiga mata ruwa kaɗan kaɗan da cokali saboda zafin nan, mu haka muka yi da namu tara kuma ga su nan duk sun zama mutane

Anty Nas: Inna barka da dare, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Zancen zama a gida kin yi gaskiya ɗari bisa ɗari. Na ruwan ne dai zan roƙi arziki, kafin wata 6 nono zalla ya ishe ta ko da ana zafin nan, don shi nonon kansa sama da kashi 80 cikin 100 ruwa ne, wanda yake fara zubowa ma tsinkakke ne mai kashe ƙishi. Cikinta ɗan mitsitsi ne, in ruwa ya cika shi sai ta rage tsotso, ga kuma ruwan namu ba kullum yake da tsafta ba sai gudawa ta shigo. Uwar ce za ta yi ta shan ruwa da kunu, ta yi ta ba ta nono akai akai ba sai ta yi kuka ba.

Inna Hajja: To 'yata na ji, ku kuka yi karatun. Mu dai a zamaninmu babu wannan dogon lissafin. Allah ya raya mana su

Anty Nas: Amin Inna. Sannan ga kowa, alamomin da za ki gani ki san ruwan jikin yaro ya yi ƙasa: ya daɗe bai jiƙa famfas ba kamar awa 6, yana kuka ba hawaye, baki ya bushe, maɗiga ta faɗa, ko ya yi lakwas ba ya son wasa. Ku ajiye ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, a gida, ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. In jariri ne ƙarami kar a tsaya dabara a gida a tafi asibiti, mu dai muna nan, ranar ma'aikatan ma ni dutin safe gare ni hhh

Kwamared Baban Fadila: Salamu alaikum iyayenmu mata, ku yi haƙuri in sa baki. Na ga ana neman a haɗu a kayar da ɗan uwana Abban Hanif shi kaɗai. Maganar jaririya da Ikram na bi Anty Nas, amma Hanif ku bari ya je. Ni abin da ke damuna yaranmu suna tashi suna ganin ranar nan kamar ranar bacci ce kawai da gwamnati ta yi mana kyauta, alhali ba kyauta ba ce. A 1886 ma'aikata a birnin Shikago na Amurka suka fito suna neman a mayar da aiki awa 8 a rana, aka yi rikici aka rasa rayuka har aka rataye wasu daga cikin jagororinsu, daga nan ranar ta samo asali. Mu nan gida a 1949 'yan sandan Turawan mulki suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley ta Inugu. Kuma abin da mutanen Kano da yawa ba su sani ba, gwamnatin jam'iyyar PRP ta marigayi gwamna Abubakar Rimi ce ta ba da hutun nan a Kano a 1980, sai a 1981 zamanin Shagari ya zama na ƙasa baki ɗaya. To ɗan Kano ne zai tashi bai taɓa ganin fareti ba?

Ummu Sudais: Kwamared ya hau mumbari, a kawo masa ruwa

Maman Twins: Kwamared ɗan shekara 4 ne fa, ko ya hau rimi ba zai hango 1886 ba hhhh

Kwamared Baban Fadila: Hhh Maman Twins kin same ni. Ai ba lacca zan ce a yi masa ba. Ni babana ma'aikacin reluwe ne, ina ƙarami ya taɓa ɗora ni a wuya a wurin irin wannan taron, ban fahimci ko kalma ɗaya ba amma har yau ina tuna yadda na ga babana yana tafiya cikin layi da abokansa ana tafa musu, mutumin da kullum nake ganinsa ya dawo da baƙin mai a riga. Ranar na san aikinsa abin alfahari ne. Yaro zai ga nas nas da fararen kaya, malamai, direbobin tanka, 'yan kwana-kwana da motarsu, masu shara da tsintsiyarsu kowa da tutarsa. Gani ya kori ji.

Maman Hanif: Kwamared wlh kamar kun haɗa baki da shi, shi ma zancen motar 'yan kwana-kwana yake ta yi wa yaron har ya kasa bacci. Matsalar taron nan a ce ƙarfe 9 sai 12 ba a fara ba ana jiran manyan baƙi

Maman Afnan: Wannan shine. Ni na taɓa yin wannan gangancin shekara biyu da suka wuce, na ɗauki Afnan tana shekara 2 da wata 3 muka je, muna can tun 8 da rabi ba a fara komai ba sai kiɗa, kujerun inuwa duk an ce na manya ne, ruwan da na zo da shi ya ƙare ya zama ma kamar na wanka, babu banɗakin da za ka iya kai yaro, can wajen 11 yarinya ta fara amai jikinta ya yi zafi rau, fita ma ta zama aiki saboda cunkoso a ƙofa, da ƙyar wani bawan Allah mai adaidaita ya kai mu kemis. Tun daga ranar na tuba. Rigar ankon ma ban sake sawa ba

Kwamared Baban Fadila: Subhanallah, Allah ya kiyaye gaba. Wannan laifinmu ne mu masu shirya taro ba zan kare ba, muna ta ihun haƙƙin ma'aikata amma ko rumfa ɗaya ba a ware wa masu goyo

Malama Ta Ajin Reno: Sannunku da dare. Ni shekarata 11 ina koyar da 'yan shekara 3 zuwa 5, bari in faɗi abin da nake yi da nawa a gida da kuma 'yan ajina a satin nan, ba ya cin ko sisi. Da sassafe bayan an karya kafin rana ta yi zafi ki riƙe hannunsu ku zaga layinku kawai, duk wanda kuka tarar yana aiki ku tsaya yaro ya ce masa sannu da aiki. Mai shayi, mai ga-ruwa da kurarsa, mai faci, mai kosai, mai wanki da guga, almajirin da ke kwashe shara, maƙeri in akwai. Ki tambayi yaron me wannan yake yi, da me yake yi, in bai zo ba yau me zai faru da mu. Za ki sha mamakin amsa. Wata yarinya a ajina ta ce in mai ruwa bai zo ba Mama za ta yi faɗa da Baba hhhh. Mu fa Hausawa gaisuwarmu ma ta ma'aikaci ce, sannu da aiki, ya aiki, aiki da godiya, kawai yaran yanzu ne daga mota sai geti ba sa jin ana yi.

In kun dawo sai wasan sana'a. Kar ki sayi komai, ki tara gwangwanin madara da na tumatir waɗanda bakinsu ba kaifi, kwalin ashana, kwalin shayi, robar man shafawa da ta ƙare, a jera a kan tabarma an buɗe shago, ganyen darbejiya ko yankakkiyar takarda su ne kuɗi. Hanif mai shago Ikram mai saye, ke kuma kina zaune kina shayarwa kina aikensu, je ki sayo min sukari na 50. In sun gaji a koma asibiti, 'yar tsana ce mara lafiya, ɗankwalinki fari ya zama rigar likita. In an gaji a jera kujeru an zama mota Hanif direba Ikram kwandasta, a yi ta Wudil Wudil saura mutum ɗaya. Kar ki sa ran wasa ɗaya zai riƙe 'yar shekara 2 fiye da minti 10, ba rashin ji ba ne haka shekarun suke, shi ya sa ake tanadar uku ko huɗu.

Da azahar lokacin da zafi ya fi tsanani ki kwaɓa musu fulawa kofi 2 gishiri kofi 1 da ruwa da ɗan mai ya yi kamar ƙullin cincin, ki raba ki sa wa wani ruwan zoɓo wani kurkur ya yi kala, su yi ta gina tukwane da burodi. Tuwon ƙasa ne dai na 'yan birni.

Anty Nas: Malama Allah ya biya. Ƙari kaɗan, ƙullin nan gishirinsa da yawa a kula kar Ikram ta ci. Kuma kar a ba 'yan ƙasa da shekara 3 murfin lemo ko tsaba ko wake a matsayin kuɗin wasa, baki da hanci suke kaiwa, ranar hutu muka fi ganin yaro da wake a hanci wlh. Haka gyaɗa guda guda, aya, alewa mai tauri da fasasshen balan-balan. In za a zuba musu ruwa a baho su yi wasa, wanda yana da kyau sosai a zafin nan, to ido a kansu ko sallama aka yi kar ki tashi ki bar su, ruwan da bai kai tafin hannu zurfi ba ya isa ya yi illa

Maman Hanif: Malama na gode wlh har na yi sikirinshot. Zagayen layin nan ya burge ni

Hajiya Zee: Duk wannan tsarin yana da kyau amma wa zai yi wanke wanke da girki da wankin kashi tana zaune tana wasan shago? Maman Hanif ni shawarata kar ki bar yarinyar nan ta tafi. Hutun na ma'aikatan gwamnati ne da na kamfani ba na 'yan aikin gida ba, ranar da kika fi buƙatarta kenan. In kika fara yau gobe 27 ga wata ta ce ranar yara, 12 ga Yuni ta ce dimokuraɗiyya. Kuma in sun je gida sai an hure musu kunne, a ce Juma'a sai ki gan ta bayan sati biyu ko ma kar ta dawo. Ki bari sai babbar sallah ai ta kusa

Ummu Sudais: Hajiya da girmanki amma ban yarda ba. Mu muna hutu saboda mu ma'aikata ne, ita da ke tashi kafin mu ta kwanta bayan mu ita ba ma'aikaciya ba ce?

Hajiya Zee: Ummu Sudais ci da sha da sutura da magani duk a kaina suke, ga albashi. Nawa ne buhun shinkafa yanzu? Ni ban zalunci kowa ba. Ku masu faɗar nan in ku ne da 'yan uku da jego ba za ku sake ta ba, a waya ne kowa yake zama waliyyi

Maman Twins: Gaskiya Hajiya Zee ta faɗi wani abu, sauƙin faɗa gare shi. Ni tawa ta tafi kwana 2 ta yi wata guda

Kwamared Baban Fadila: A nan kam mu 'yan ƙwadago kunya ta kama mu. A 2024 aka sa hannu a mafi ƙarancin albashi naira 70,000 daga 30,000 na 2019, Kano ma ta ce 71,000, mun yi ta murna, amma nawa ne cikinmu yake ba 'yar aikinsa ko kwatan wannan? Mu yi zanga zanga da safe mu dawo gida da yamma mu zama irin shugaban da muke zagi. Ni kaina ban fita ba

Maman Walida: Ban cika magana a nan ba amma yau zan yi. Ni na yi aikatau. Ina shekara 11 wata mata ta kawo mu birni mu huɗu daga ƙauyenmu, kuɗin ma ba hannuna yake zuwa ba, ita take karɓa ta cire nata ta aika wa iyayena sauran don kayan ɗaki. Gidan da na zauna ba mugaye ba ne ba sa dukana, ina ci ina ƙoshi kamar yadda Hajiya ta ce. Amma ranar da masu gidan suke hutu ita ce ranar da na fi tsana, saboda ranar ake baƙi ranar ake fitar da labule da kafet a wanke, ranar ake zuwa gidan zu ni ina goye da ɗansu ina riƙe da jaka, su suna kallon zaki ni ina kallon takalman yara kar su ɓata. Shekara 3 sau 4 na ga mahaifiyata. Ƙanwata da aka haifa bayan tahowata sai da ta yi ƙiwa da ni. Yanzu alhamdulillah na yi aure na yi karatun manya ina da shagona, kuma ni ma ina da mai taya ni, ba wai na fi kowa ba ne. Maman Hanif in ta ce mamanta take son gani to mamanta take son gani. Kwana ɗaya ne.

Ummu Sudais: Allahu akbar. Maman Walida kin sa ni hawaye

Inna Hajja: Allah ya yi miki albarka 'yar nan. Annabi SAW cewa ya yi 'yan uwanku ne Allah ya sa su a ƙarƙashinku, ku ciyar da su abin da kuke ci ku tufatar da su abin da kuke sawa kar ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Uwar Hanif ki sallami yarinya ki haɗa mata da ɗan sabulu da omo ta kai wa uwarta

Hajiya Zee: To ni ban ce a zalunci kowa ba, kowa ya san gidansa. Maman Walida ki yi haƙuri in maganata ta sosa miki wani wuri

Maman Walida: Ba komai Hajiya wlh, ban ɗauka da zafi ba

Maman Hanif: Jikina ya yi sanyi. Ita tawa shekararta 17 kuma kuɗinta a hannunta nake ba ta, amma gaskiya rabonta da gida tun kafin azumi, ƙaramar sallah ma ban bar ta ba saboda jego. Za ta tafi in sha Allah

Madam Ta Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya, ina biye da ku tun ɗazu. Nan wajenmu sallar ma'aikata muke ce mata, kowace sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, da zanenta na anko, a yi defile wato fareti a miƙa ma hukuma takardar koke-koke, daga nan kowa shi nufi inda ma'aikatarsu ta shirya ci da sha. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, kuma ban tahiya da ɗiyana wurin defile, zahin Maraɗi ya hi naku ma. Abin da muke yi mu makwabta huɗu, kowace shekara gida guda ake tara yara duka, uwa biyu su tsaya da su da sahe biyu su tahi, da marece a canza waɗanda suka tsaya su samu su kwanta. A dama hura da yawa a yanka kankana da mangwaro shikenan an gama. Ba sai kowace ta mutu ita ɗaya cikin gidanta ba

Maman Twins: Madam wannan dabara taku ta yi wlh, karo karon reno kenan kamar adashi. Maman Afnan ke da muke layi ɗaya ya kika gani?

Maman Afnan: Na shiga, amma ni zan fara ɗaukar baccin hhh

Asabe Tela: Ni ina ta karatu ina dariya. Ku masu albashi kuna rigimar yadda za ku huta, mu masu aikin hannu ranar da ba ka taka keke ba ranar ba cefane. Wannan satin ma ɗinkin ankonku ne ya hana ni bacci, ga NEPA babu sai guga da gawayi. Yarana a gindin keke suka tashi, kowace rana ranar ma'aikata ce a wurinsu, 'yar shekara 3 ɗina ta san almakashi ba a taɓawa ta san ta tattara min ƙyalle a leda, da su take yi wa 'yar tsanarta zani. Malama ki turo 'yan zagayenki su ce min sannu da aiki ni ma

Malama Ta Ajin Reno: Anty Asabe sannu da aiki tun daga nan. Ki tara min ƙyallen nan dan Allah ina so wa 'yan ajina

Maman Zayd Amurka: Ku kuna dare mu nan yamma ce. Abin dariya Kwamared, nan ƙasar da abin ya faro ba 1 ga Mayu suke hutun ba, nasu Litinin ɗin farko ta Satumba ce, kuma ba ruwan yawancinsu da tarihi, gashin nama ne da zuwa wurin shaƙatawa da rangwame a kantuna. Gidan reno a rufe, babu 'yar aiki babu kaka babu makwabciya, daga ni sai babansu, dole ya karɓi yaro ya canza famfas. Wanda ya kawo ni ga tambaya, duk zancen nan tun ɗazu ban ji inda aka ce Abban Hanif zai yi wani abu ba bayan fareti

Ummu Sudais: Yauwa! An zo wurin

Baban Twins: Ni fa ina nan ina karatu shiru, matata tana ta ba da ni a sama. A gaya wa Abban Hanif in ya dawo ya cire rigar ƙungiya ya karɓi Ikram da Hanif daga azahar zuwa la'asar a rufe wa uwar ƙofa. Ni na gwada bara da 'yan biyu, awa 3 kacal, na fito kamar wanda ya yi noman kadada. Ba ragewa mutum komai yake ba

Maman Twins: Awa 2 ne Baban Twins, kuma sau 6 ka buga min ƙofa kana neman fida

Kwamared Baban Fadila: Hhhh a bar tone tone. Amma tunda an zo nan, gwamnatin tarayya ma tun 2021 ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacinta namiji in matarsa ta haihu, matan kuma sati 16, Kaduna ta kai na mata wata 6. Maman Hanif ke da kika koma aiki da 'yar wata 4, dokar ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana a cikin lokacin aiki don ta shayar, haƙƙinki ne ba alfarma ba, da yawa ba su sani ba sai su yi ta roƙon oga

Maman Hanif: Wlh ban sani ba, ni a ɓoye nake zamewa in je gidan da nake ajiye ta. Na gode Kwamared. Zan nuna wa Abbansu saƙon Baban Twins

Admin: Jama'a 12 ta wuce, gobe akwai aiki ba a fara hutun ba tukuna. Masu turo tallan atamfa a tsakiyar hira dan Allah a bari sai Asabar. Maman Hanif muna jiran rahoto

Maman Hanif: Assalamu alaikum, barkanmu da hutu, ga rahoto tunda Admin ta ce. Yarinyar ta tafi tun jiya da yamma na sa ta a mota da kuɗin zuwa da dawowa da ɗan kayan da Inna ta ce, ta kira ni da wayar yayanta ta isa lafiya har mamanta ta karɓa tana ta godiya ni duk kunya ta ishe ni. Yau 7 saura muka yi zagayen layi ni da su, Hanif ya gaida mai kosai ta ƙara masa guda biyu, ya gaida mai faci, sai ya je ya tsaya kan maigadin makwabtanmu da ke bacci a benci ya kwarara masa sannu da aiki bawan Allah ya zabura har hularsa ta faɗi, na rasa inda zan sa kaina. Ikram kuwa kowa ta gani sai ta ce annu aiki har da akuya. 8 Abbansu ya tafi da Hanif, 10 da rabi sai ga su sun dawo ba a ma fara ba, amma ya ga motar 'yan kwana-kwana a ajiye wani daga cikinsu ya ɗora masa hular ƙarfen, yanzu duk gidan nan gobara ake kashewa da butar alwala. Na tambaye shi me ya fi burge ka ya ce mai yogot. Shagon Malama ya yi minti 20 kafin mai saye ta kwashe kayan duka ta gudu ba ta biya ba aka yi kuka. Abbansu ya karɓe su bayan azahar na samu bacci awa 1 da minti 40, wlh har mafarki na yi. Wanke wanke yana nan jibge sai gobe, abincin rana ma ɗanwake na aika aka sayo.

Anty Nas: Ma sha Allah, yanzu na sauka daga duti. Jaririya fa?

Maman Hanif: Lafiyarta ƙalau Anty, daga ita sai 'yar shimi wuni guda, ƙurajen zafin wuyanta ma sun ɗan kwanta. Sai dai wata matsalar, ƙullin zoɓon nan Ikram ta shafe shi a farar shaddar Abbansu da zai sa gobe Juma'a lokacin ina bacci shi kuma yana waya. Wa ya san abin da ke fitar da zoɓo?

Asabe Tela: Kar ki sa ruwan zafi kuma kar guga ta taɓa wurin. Ki kankare fulawar tukuna ki ɗauraye da ruwan sanyi ta bayan yadin, ki matsa lemon tsami ki bar shi ya ɗan jima sannan sabulu. Amma tunda shi ke tsaron ai shi ya kamata ya wanke

Baban Twins: Anty Asabe a yi mana sassauci mana

Maman Hanif: Yana tsakar gida yanzu haka da bokiti, ya ce a tambaye ki lemon tsamin guda nawa